Dokar VAPP ta 2015 a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya: Tarke a kan Manufar Gwamnati ta Yaƙi da Cin Zarafin Mata a Gidan Aure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken dokar hana cin zarafin mutane ta shekarar 2015, wadda aka fi sani da dokar VAPP, a matsayinta na ginshiƙin manufar gwamnatin Nijeriya a kan cutar da mata, musamman a cikin gidan aure. An auna sassan dokar da suka shafi ma'aurata da babin cutarwa na littattafan Malikiyya waɗanda kotunanmu suke hukunci da su, sannan aka kwatanta su da sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Arewa. Maƙalar ta gano cewa mafi yawan abin da dokar take nufin karewa fiƙihu ya riga ya kare shi, kuma babban rauninta yana cikin tsarin aiwatarwa, domin ta kauce wa ƙofofin da mace Bahaushiya take ƙwanƙwasawa idan aka zalunce ta. An rufe da shawarwari ga gwamnatoci da malamai.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A ranar 25 ga watan Mayu, 2015, kwana huɗu kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a kan dokar VAPP, bayan ƙudurinta ya shafe fiye da shekara goma yana kai da komo a Majalisar Tarayya. Tun daga lokacin muhawara a kanta a Arewa ta rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya yana kallon ta a matsayin kayan aro daga Turai da ake son rushe gidan Musulmi da shi. Ɗaya ɓangaren yana ganin duk wanda ya yi mata gyara maƙiyin mata ne. A tsakanin ɓangarorin biyu an manta da wadda aka yi dokar dominta, wato matar da ta kwana da kumburarriyar fuska, ta yi yaji da asuba, iyayenta suka mayar da ita kafin la'asar.

Binciken lafiya da yanayin al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15 da haihuwa, kuma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa aure sun gamu da cutarwar jiki ko ta shimfiɗa ko ta zuciya daga mazajensu. Fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba, waɗanda suka nema kuwa mafi rinjayensu danginsu suka nufa. Shiyyar Arewa maso Yamma ta fito da adadi mafi ƙanƙanta a binciken. Wanda ya san kunya da kawaicin matan Hausa zai yi hattara kafin ya ɗauki wannan a matsayin shaidar lafiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kowane baƙo yake nuna wa wurin ba.

Tambayar da maƙalar take son amsawa ita ce: me dokar ta zo da shi wanda ba mu da shi, me ta rasa wanda muke da shi, kuma wane ne ke da alhakin giɓin da ke tsakani?

2.0 Abin da Dokar ta Ƙunsa

Da yake hukunta irin waɗannan laifuka hurumin jihohi ne a tsarin mulkin Nijeriya, dokar ta 2015 tana aiki ne a Birnin Tarayya Abuja kaɗai, sai jihar da majalisarta ta karɓe ta. An damƙa kula da aiwatar da ita ga hukumar NAPTIP, aka kuma ba Babbar Kotun Birnin Tarayya hurumin sauraron ƙararrakinta. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Bayan da gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yuni na 2020, jihohin Arewa da dama suka bi sahu, kowace da irin gyaran da ta yi, Kano kuwa ta daɗe tana jan ƙafa.

Sassan da suka fi shafar gidan aure su ne waɗannan. Sashe na 19 ya haramta dukan abokin zaman aure, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Sashe na 9 ya hukunta korar abokin zama daga gida da ƙarfi. Sashe na 16 ya hukunta wanda ya yi watsi da matarsa ko 'ya'yansa ba tare da ya bar musu abin rayuwa ba. Sashe na 12 ya yi magana a kan tauye mutum ta fuskar dukiya, na 13 a kan raba shi da danginsa da abokansa ala tilas, na 14 a kan cutarwa da baki da ta zuciya, na 15 kuma a kan azabtar da matar da mijinta ya rasu da sunan al'ada. Sashe na 1 ya faɗaɗa ma'anar fyaɗe, ya sanya masa ɗaurin rai da rai, tare da tanadin kundin sunayen waɗanda aka samu da laifin. Daga sashe na 28 zuwa gaba aka kawo umarnin kariya, wato takardar kotu da take hana wanda ake ƙara kusantar mai ƙara ko ci gaba da cutar da shi tun kafin a kammala shari'a.

Dole a yaba wa dokar a kan abu biyu. Na farko, ta kira abubuwa da sunayensu. Kora cikin dare, da hana abinci, da zagi na yau da gobe, duk abubuwa ne da a da ake shigar da su cikin "sha'anin cikin gida", yanzu kuwa sun zama laifuka masu lamba a kundi. Na biyu, umarnin kariya ya fahimci cewa abin da mai kuka ta fi buƙata a daren farko shi ne a tsayar da dukan, hukunci ya biyo baya.

3.0 Sashe na 55: Gadon da Aka Manta da Asalinsa

Kafin a zargi sabuwar doka da baƙunta, ya kamata a dubi tsohuwar da ta tarar. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ake kira Final Kod, an yi shi ne a 1959, ya fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinsa daga kundin Sudan, shi kuma daga kundin Indiya na 1860 wanda Turawan Ingila suka tsara. Sashe na 55 na wannan kundi ya jera mutum huɗu da ba za a kama su da laifi ba idan sun yi horo: mahaifi ko mariƙi a kan yaro, malamin makaranta a kan ɗalibi, ubangida a kan bara ko mai koyon sana'a, sai miji a kan matarsa, matuƙar al'adar da suke ƙarƙashinta ta yarda da hakan, kuma dukan bai kai mummunan rauni ba.

Sashe na 241 ya fayyace mummunan rauni da abubuwa irin su makantarwa, da kurumtarwa, da ɓata fuska, da karya ƙashi ko haƙori, da raunin da ya jefa rai cikin haɗari, ko ya sa mutum cikin matsanancin ciwo ko ya hana shi harkokinsa har kwana 20. Ma'anar wannan ita ce mijin da ya kwantar da matarsa kwana 19, ba tare da ya karya mata ƙashi ba, yana da mafaka a kundin. Sashen bai tambayi dalilin dukan ba, bai gindaya wasu matakai kafin a kai gare shi ba, kuma hujjarsa al'ada ce. Abin takaici, lokacin da Zamfara ta kafa kundin hukunta laifuka na Shari'a a shekarar 2000, ma'anar wannan sashe ta shiga cikinsa, har mutane da yawa suka zaci daga littattafan fiƙihu aka ciro ta.

Dokar VAPP ta ce tanade-tanadenta suna gaba da na sauran kundaye a laifuka masu kama da juna, amma ba ta ambaci sashe na 55 da suna ta soke shi ba. Wannan shi ne kuskure na farko a manufar gwamnati: an gina sabon ɗaki, an bar tsohuwar rijiya a buɗe a tsakar gida.

4.0 Cutarwa a Fiƙihun Malikiyya

Ayar da ake kafa hujja da ita ita ce ta 34 a Suratun Nisa'i, wadda ta jero matakai uku ga matar da ta kangare: wa'azi, da ƙauracewa a shimfiɗa, da duka. Ba aikin mai nazari ba ne ya ɓoye aya ko ya karkatar da lafazinta. Aikinsa shi ne ya karanta ta kamar yadda malamai suka karanta ta, a haɗe da aya ta 19 da ta yi umarni da kyakkyawar zamantakewa, da aya ta 231 a Suratul Baƙara da ta hana riƙe mata don cutarwa, da kuma aikin wanda aka saukar masa da Alƙur'ani.

Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Ya kuma ruwaito cewa da Fatima bint Ƙais ta nemi shawararsa a kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahm saboda yawan dukan mata. Abu Dawud ya ruwaito cewa da mata masu yawa suka zo gidansa suna kukan mazajensu, ya bayyana cewa waɗancan mazan ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. Alƙali Ibnul Arabi, wanda ya rasu a shekara ta 543 ta Hijira, ya kawo a Ahkamul Ƙur'an cewa Aɗa'u ɗan Abi Rabah yana ganin miji kada ya doki matarsa ko da ta saɓa masa, sai dai ya nuna mata fushinsa, kuma ya yaba wa wannan fahimta.

Littattafan mazhaba sun ɗaure rangwamen da sharuɗɗa masu tsauri. Shaihu Halil a Mukhtasar ya sharɗanta cewa sai miji ya yi zaton matakin zai yi amfani. Shaihu Dardir a sharhinsa ya bayyana cewa duka mai cutarwa bai halatta ba ko da miji ya tabbata ba za ta bar kangarewa ba sai da shi, kuma idan ya aikata tana da haƙƙin a sake ta a kansa, tare da ramuwa. Dukan fuska haramun ne da nassin hadisi. Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce wanda ya cire wa matarsa ido ko ya karya mata hannu da gangan, a yi masa ƙisasi. Duk wanda ya zauna a zauren mai unguwa ya san cewa dukan da ake kawowa ƙara, na bulala da wayar wuta da naushi a kan gishirin miya ko kuɗin cefane, bai cika ko sharaɗi ɗaya daga waɗannan ba.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci ga manufar gwamnati shi ne hanyoyin da mazhabar ta tanadar wa wadda aka cutar. Guda biyar ne. Na ɗaya, alƙali yana tsawatar wa miji mai ƙetare iyaka, ya yi masa ta'aziri gwargwadon yadda ya ga dama. Na biyu, mace tana da haƙƙin saki saboda cutarwa bayyananniya ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwarta ba, kuma Dardir ya lissafa zaginta da zagin mahaifinta da ƙaurace mata ba bisa dalili ba a cikin cutarwa. Na uku, Ibnu Asim, wanda ya rasu a shekara ta 829 ta Hijira, ya tabbatar a Tuhfatul Hukkam cewa cutarwa tana tabbata da shaidu ko da jin da ya yaɗu a tsakanin maƙwabta, saboda sanin cewa abin da ke faruwa a ƙuryar ɗaki ba kasafai ake samun wanda ya gani da ido ba. Na huɗu, idan kuka ya yawaita babu hujja, alƙali yana zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki domin su zama masu lura kuma shaidu. Na biyar, idan lamari ya rikice a naɗa masu sulhu biyu bisa aya ta 35, kuma a wajen Malikiyya hukuncinsu na rabawa yana zartuwa ko da miji bai yarda ba. Ƙari a kan haka, matar da ta fanshi kanta da hul'i, daga baya aka tabbatar cutarwa ce ta tilasta mata, za a mayar mata da dukiyarta, sakin kuma ya tabbata.

Wannan taska ce da wasu ƙasashe suka zo suka ɗiba. Masar, wadda kotunanta suke bin Hanafiyya, ta ɗauko saki saboda cutarwa daga Malikiyya a dokarta mai lamba 25 ta shekarar 1929. Shaihu Ɗahir Ibnu Ashur na Tunisiya, wanda ya rasu a 1973, ya bayyana a tafsirinsa At-Tahrir wat-Tanwir cewa idan shugabanni suka ga mazaje ba sa tsayawa a iyakar Shari'a, ya halatta su hana su amfani da wannan mataki, su kuma sanar cewa wanda ya doki matarsa za a hukunta shi. Ke nan sashe na 19 na dokar VAPP yana da madogara a cikin siyasar Shari'a, kuma umarnin kariya ɗan'uwa ne na kusa ga zaunar da mace a tsakanin mutanen kirki.

5.0 Inda Dokar ta Gaza

Gazawa ta farko ita ce ƙofa. Dokar asali ta kai ƙara Babbar Kotu, inda ake magana da Turanci, ake buƙatar lauya, ake ɗage zama wata da watanni. Matar ƙauye a Ringim ko Gwadabawa tana fara kai kukanta ga waliyyinta, sannan mai unguwa ko limami, sannan Hisba, sannan kotun Shari'ar Musulunci. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, tana sauraron rikicin ma'aurata kullum. Manufar da ba ta ba waɗannan hannaye aiki bayyananne ba, da iyakar da ba za su ƙetare ba, ta bar mafi yawan mata a waje.

Gazawa ta biyu ita ce rashin duba abin da zai biyo bayan hukunci. Idan aka ɗaure mai ciyar da gida shekara 3, wa zai ɗauki nauyin mata da yara? Wannan tsoro ne yake sa mace ta janye ƙara da bakinta. Dokar ta lissafa haƙƙin wanda aka cutar na samun magani da taimakon lauya da gyaran rayuwa, amma ba ta ware wata tabbatacciyar hanyar kuɗi da za ta biya su ba. Cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, suna aiki mai kyau, sai dai sun yi kaɗan, a birane suke, kuma tun kafuwarsu sun jingina sosai ga tallafin ƙungiyoyin waje.

Gazawa ta uku ita ce zaɓin tara. Naira 200,000 a 2015 kuɗi ne mai nauyi, amma bayan faɗuwar darajar naira daga 2023 ta zama abin da attajiri zai ciro daga aljihu ya koma gida. Tara kuma baitulmali take tafiya. Fiƙihu ya fi adalci a nan, domin diyyar rauni haƙƙin wadda aka raunata ce, hannunta take shiga.

Gazawa ta huɗu ita ce lafuzza masu faɗi da ba a yi musu shinge ba. Sashen da ya hana raba mutum da danginsa bai bambance tsakanin mijin da ya hana matarsa ganin iyayenta shekara da shekaru, wanda Malikiyya ma ba su yarda masa ba, da zaman kulle da aka yi yarjejeniya a kansa ba. Sashen matan mamata bai ware takaba ta wata huɗu da kwana goma, wadda ibada ce, daga azabar al'ada ba. Ma'anar fyaɗe kuma ba ta faɗi matsayin ma'aurata a fili ba, alhali sashe na 282 na Final Kod ya cire miji idan matarsa ta balaga. Fiƙihu ba ya kiran saduwar miji da matarsa zina, ba ya kuma tsayar da haddi a kanta, amma tilasta mata a halin rashin lafiya ko haila ko ta hanyar da take raunata ta haramun ne, kuma yana shiga babin cutarwa da alƙali zai hukunta. Da an zauna da malaman fiƙihu tun wajen tsara daftari, da an rubuta wannan da lafazin da zai kare mace ba tare da ya tayar da ƙurar da ta jinkirta dokar shekaru ba.

6.0 Namu Kason na Laifi

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a ɗora wa gwamnati komai. Hanyoyi biyar da aka lissafa a sama suna cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu da jami'o'inmu, amma mata nawa ne suka san su? Sanannen abu ne a kotunanmu cewa macen da ta zo da tabon duka sau da yawa ana karkatar da ita zuwa hul'i, saboda ya fi sauƙi ga kowa, sai ta mayar da sadaki, wani lokaci har da ƙari, ta sayi 'yancin da Shari'a ta ba ta kyauta. Wannan cin dukiya ne da ɓarna, kuma aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta hana ƙuntata wa mata don a karɓe wani abu daga abin da aka ba su.

Haka nan an mayar da haƙuri bargon rufe zalunci. Gaskiya ne tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma aya ta 128 ta fifita sulhu. Amma sulhun da ake yi ba tare da an ce wa azzalumi ya yi zalunci ba, biko ne kawai zuwa duka na gaba. Wa'azin ranar ɗaurin aure kusan kullum amarya yake fuskanta, ango kuwa a tafa masa a ba shi hannu. Ba mamaki binciken 2018 ya sami kashi 28 cikin ɗari na mata suna ganin miji yana da hujjar duka a kan aƙalla dalili ɗaya, irin su ƙona abinci ko fita ba izini, adadin da ya zarce na maza, wato kashi 21. Wanda bai san haƙƙinsa ba ba zai nema ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wannan kuka fiye da shekara 200 da suka wuce. A Nurul Albab ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan ɗaki, suna ruɗar su da cewa tsirarsu tana cikin biyayyar miji kaɗai. A zamaninmu, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana a 2017 cewa kwamitin malamai yana tsara daftarin dokar iyali ta Musulunci da za ta taɓa aure da saki da ciyarwa da dukan mata. An yi ta ce-ce-ku-ce, daftarin bai zama doka ba. Wanda ya ƙi doka don ta zo daga waje, ya kuma ƙi wadda aka ciro daga Mukhtasar da Tuhfa, ya kamata ya tambayi kansa abin da yake karewa.

7.0 Shawarwari

Na farko, majalisun jihohin Arewa su soke sakin layin da ya ba miji mafaka a sashe na 55, da takwaransa a kundayen Shari'a, bisa ikon da shugaba yake da shi na taƙaita halal idan ana ɓarna da shi.

Na biyu, a ba manyan kotunan Shari'ar Musulunci ikon bayar da umarnin kariya cikin gaggawa, da Hausa, ba tare da kuɗin shigar da ƙara ba, kuma a haɗa shi da umarnin ci gaba da ciyarwa daga dukiyar miji.

Na uku, a rubuta babin cutarwa na Malikiyya a matsayin doka mai sassa, a bayyana karɓar shaidar ji da rahoton likita, a kuma wajabta wa alƙali ya binciki cutarwa kafin ya zartar da hul'i.

Na huɗu, a gindaya wa Hisba da masu unguwanni iyaka: duk ƙarar da ta zo da rauni a jiki a fara kai ta asibiti, a rubuta, a miƙa ta kotu, sulhu ya biyo baya idan mai haƙƙi ta so.

Na biyar, hukumomin zakka da waƙafi na jihohi su kafa gidajen amana a ƙarƙashin kulawar malamai mata, tare da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, domin su zama mutanen kirkin da fiƙihu ya ce a zaunar da mace a tsakaninsu.

Na shida, sassan nazarin addinin Musulunci da na Shari'a a jami'o'inmu su fassara waɗannan babuka zuwa Hausa mai sauƙi, su shigar da su cikin darussan Islamiyyun matan aure da huɗubobin Juma'a.

8.0 Kammalawa

Dokar VAPP ta zo da niyya mai kyau da makami ɗaya mai amfani, wato umarnin kariya, amma an tsara ta nesa da kotuna da zaurukan da matan Arewa suka sani, an bar ta babu kuɗin aiki, an kuma bar sashe na 55 yana nan da ransa. Fiƙihun Malikiyya yana da abin da zai cike mafi yawan wannan giɓi, sai dai mun bar shi a cikin littafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gwamnati tana da ikon zartarwa, malamai suna da amincewar jama'a, kuma matar da ake duka ba za ta amfana ba sai an haɗa biyun. A Hajjin bankwana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tunatar da maza cewa da amanar Allah suka karɓi mata. Za a tambayi miji a kan wannan amana, za a kuma tambayi waliyyin da ya mayar da ita, da alƙalin da ya karɓi kuɗin hul'inta, da malamin da ya sani ya yi shiru. Allah ne mafi sani, kuma shi ne mai datarwa zuwa ga daidai.